Wasiƙar da Ta Makara: Laifin Wa?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata ambulan da nake ajiye da ita a cikin tsohon littafina na lissafi tun shekarar da na ci bak. Babu komai a cikinta yanzu, amma na kasa jefar da ita. A fuskarta akwai tambur biyu da hatimi uku, kowane hatimi da kwanan watansa. In ka ƙirga daga na farko zuwa na ƙarshe, kwana 74 ne. Waɗannan kwanaki su suka ci mini shekara guda cur ta karatu, kuma su suka sa ni wannan rubutu.

Ga yadda abin ya faru. A Damagaram aka haife ni, amma a Dirku na tashi, inda mahaifina ke da ɗan shagon tireda. Na yi lise a Agadas. Da na gama, na koma gida ina taya shi tsaron shago, ina kuma haɗa dosiye don shiga wani konkur. A cikin takardun da ake nema akwai wadda muke ce wa kaziye, takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye ya san halinta: kotun garin da aka haife ka ce ke ba da ita, kuma in ta wuce wata 3 ta mutu, ba mai karɓarta. Baffana da ke Damagaram, tsohon mushe mai ritaya, shi ya ciro mini ita. Na roƙe shi ya ba direba. Ya ce, "A'a, yaro. Takardar hukuma ta hannun hukuma take bi. Direba in ya ɓatar da ita, wa za ka kama?" Ya je gidan waya, ya biya, aka ba shi rasit.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum na tambaya sai a ce tana hanya. Da na farga na ce a ciro wata a ba direba, lokaci ya riga ya ƙure. Ranar da ambulan ɗin ta shigo hannuna, an rufe karɓar dosiye da mako uku.

Ran nan na shiga ɗan ofishin da wasiƙun yankinmu ke sauka, zuciyata na tafasa. Wani dattijo na tarar, furfura ta cinye masa gemu, yana zaune bayan kanta. A gefensa akwai kujera ta biyu da tebur, ƙura ta rufe su. Wallahi na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, kawo ambulan ɗin." Ya ɗora yatsa a kan hatimi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mini inda ta kwana. Mafi yawan kwanakin a wani zango ta yi su a kan hanya, tana jiran motar da za ta yarda ta ɗauko buhun wasiƙu. Sannan ya ce, "Kwana shida na ƙarshe nawa ne. Buhun ya iso ina can na kai iyalina asibiti, ofis a rufe." Na ce, "To Baba, ba wanda zai buɗe in ba ka nan?" Sai ya juya ya dubi kujerar nan. Ya ce abokin aikinsa ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce. An turo wani matashi a madadinsa, ya yi ƴan makonni, ya koma kudu da takardar likita, bai sake dawowa ba. Tun daga nan shi ke sayar da tambur, shi ke riƙe kuɗi, shi ke zuwa tarbar mota, shi ke rarraba wasiƙu, shi ke share ofis.

Na fito ban san inda zan ajiye fushina ba. Tambayar da ta biyo ni gida ita ce nake son mu tattauna: in abu ya bi ta hannaye da yawa ya lalace, kuma kowane hannu yana da uzurinsa, laifin wa ne? Ko kuwa akwai cutar da ba ta da mai yi?

Amsa ta farko da ke zuwa wa mutum ita ce ta dattijon. Wasiƙa amana ce, duk mun taso da wannan. Wanda aka ba saƙo ya karɓa, ya ɗauki alhaki, tun daga yaron da ake aike gidan maƙwabta har zuwa manzon sarki. Shi kansa dattijon bai musa ba, ya ce kwana shida nasa ne. Amma in muka yi adalci, kwana shida daga 74 nawa ne? Kuma wane ne a cikinmu zai bar matarsa kwance ya zauna gadin buhu? Amana tana hawa kan mutum gwargwadon abin da zai iya. In ka ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum biyu, ka riga ka shirya ranar da aikin zai faɗi, kwanan watan ne kawai ba ka sani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya sa fushinmu ke sauka a kansa shi ne, shi kaɗai ke da fuska. Wanda ya ƙi sa hannu a turo ma'aikaci ba ma ganinsa, haka ma wanda ya ga babu buƙatar ware mota. Sai mu huce a kan mutum ɗaya tilo da ya tsaya bai gudu ba. Wannan kuwa zalunci ne, ko da wanda aka cuta ne ya yi shi.

Amsa ta biyu ita ce wadda mahaifina ya ba ni da daddare: "Hamada ce, sai haƙuri." Gaskiya ne tsakanin Agadas da Dirku akwai wajen kilomita 600 na rairayin Tenere, babu kwalta, babu gari sai ƴan rijiyoyi. Wanda bai taɓa kwana a bayan kamiyo a kan hanyar nan ba, ba zai gane ba. A zamanin raƙumi ma haka abin yake. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasashenmu, ya ratsa Kawar a 1855 yana komawa Tarabulus daga Kukawa. A tafiyarsa ta shekara biyar wasiƙu kan yi watanni kafin su same shi, har aka baza labari a Turai cewa ya mutu alhali yana raye.

Sai dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, kuma ga dalili. Hanyar da Barth ya bi, daga Borno zuwa Fazzan, tana cikin manyan hanyoyin fatauci na Sahara tun ɗaruruwan shekaru. A wancan lokaci Dirku tsakiyar hanya ce, ba wanda ke kallonta a matsayin ƙarshen duniya. Ayarin gishiri na Buzaye kan taso daga Abzin bayan kaka, ya kawo hatsi Fashi da Bilma, ya koma da kantu da dabino, kuma mutanen Kawar sun san lokacin zuwansa. Madugu ba ya cewa hamada ce don haka ba a san ranar isa ba. A yau ma dubi abin da ke isowa. Ayarin motocin da ke tasowa daga Agadas da rakiyar soja, kwana biyu ko uku yake yi. Shinkafa na zuwa, taba na zuwa, man fetur na zuwa. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a 2014, duk mun ga yadda injuna da ruwa da mutane dubbai suka cika hanyar cikin ƴan makonni. Ashe hamadar ba ta tare abin da wani ke da riba a kansa. Buhun wasiƙu ne kawai ke zama a zango, don babu wanda zai yi asara in bai tafi ba, sai mu da sunayenmu ke rubuce a ciki.

A nan nake son in taɓa kalmar haƙuri. Ba na raina ta, mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma haƙuri iri biyu ne a bakin mutanenmu. Akwai wanda kake yi a kan abin da ba shi da magani, kamar guguwar rairayi da ta tsayar da mota kwana biyu. Akwai kuma wanda ake ce ka yi don kada ka tambayi dalili. Na farko halin kirki ne. Na biyu kuwa, in muka saba da shi, mu da kanmu muke taimakawa a ci gaba da barin kujera babu kowa. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To, mai wannan karin magana bai san kaziye ba. Akwai saƙon da in ya daɗe bai je ba, daidai yake da bai je ba sam: takarda mai wa'adi, sakamakon gwajin asibiti, kiran aiki, labarin cewa tsohuwa na kwance tana son ganinka.

Amsa ta uku ita ce ta abokaina, kuma ita ta fi kama da hankali. Suka ce, "Kai ma dai, wa ke aika wasiƙa yanzu? Laifin baffanka ne." Lalle gaisuwa ta koma WhatsApp, ko wanda bai iya rubutu ba sai ya danna ya yi magana. Kuɗi kuwa, ka zuba a Nita ko Al Izza a Yamai, a karɓa a wani gari kafin ka kai gida. Kaya a ba direba. Me ya rage wa gidan waya?

Abin da ya rage masa shi ne takardar da ke yanke wa mutum makomarsa. Har yau in ka je neman aiki ko gurbin karatu, ana son takarda ta ainihi mai hatimi da sa hannu, hoton waya ba ya wadatarwa. Hukuma ce ta sa wannan sharaɗi, don haka a kanta yake ta tanadi hanyar da takardar za ta bi. Direba kuma alfarma yake yi maka. In mahaifinka ɗan kasuwa ne kamar nawa, ya san direbobi goma. Gwauruwar da ke sayar da ƙosai a bakin tasha fa, wadda ɗanta ne na farko a danginsu da ya kai bak? Kuma alfarmar direba tana tafiya da yanayin hanya. Bayan dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, wadda aka fara zartarwa da ƙarfi a 2016, motoci da yawa sun bar babbar hanya, wasu direbobi suka ajiye aikin, har aka soke dokar a Nuwamban 2023. Duk wanda ke dogara da aljihun direba ya ji a jikinsa a shekarun nan. Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike. Gaskiya ne, amma karin maganar mai kuɗin mota ce. An kafa gidan waya ne domin wanda ba zai iya zuwa da kansa ba.

Bari in ba ku ɗan tarihin tambur ɗin da ke kan ambulan ɗina, don a cikinsa akwai wani alkawari. A Ingila kafin 1840, galibi wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya, kuma kuɗin na ƙaruwa da nisan hanya, har talaka kan ƙi karɓar wasiƙar ɗansa don ba shi da abin biya. Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya zauna ya yi lissafi, ya gano cewa kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya a kan hanya ƙanƙani ne ƙwarai, abin da ke cin kuɗi shi ne hannayen da ke karɓa, su rubuta, su rarraba. Sai ya ba da shawara mai aikawa ya biya tun farko, farashi ɗaya ko'ina a cikin ƙasa. A 1840 aka fito da tambur na farko, peni ɗaya. Bayan shekara 34, ranar 9 ga Oktoba 1874, ƙasashe suka haɗu a birnin Bern na Suwizalan suka amince a ɗauki yankunansu tamkar ƙasa guda wajen kai wasiƙa. Daga nan aka samu ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda Nijar ta shiga a 1961.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, farashi ɗaya ga na kusa da na nesa magana ce ta adalci: nisan garinku daga fadar gwamnati ba ya rage maka komai a zamanka na ɗan ƙasa. Na biyu, tun a lissafin Hill, gidan waya hannayen mutane ne. In ka cire hannayen ka bar tambur, kana karɓar kuɗin alkawarin da ba ka da niyyar cikawa. Baffana da nake jin haushinsa, shi ne kaɗai a cikinmu da ya riƙi alkawarin da gaske. Ya yi abin da ɗan ƙasa ya kamata ya iya yi ba tare da fargaba ba. In amincewarsa ta zama wauta a idonmu, mu tambayi kanmu wace irin ƙasa muke ginawa, wadda mai yarda da hukuma shi ne wawa, mai sanin direba shi ne mai wayo.

To, in ba dattijon ba ne, ba hamada ba ce, ba baffana ba ne, sai mu ce manya ne a Yamai, mu tashi mu sha shayi. Nan ne ya fi daɗi a tsaya, kuma akwai gaskiya a ciki: wanda ke da ikon cike gurbi ya ƙi cikewa, nasa kason ya fi na kowa. Amma kujerar nan ta ƙi barina. An fa turo wani ya zauna a kanta. Matashi ne kamarmu, mai yiwuwa ya taɓa zama a aji irin namu yana zagin ma'aikatan da ba sa zuwa aiki. Ya zo, ya ga Kawar, ya gudu.

Mu faɗa wa juna gaskiya. A ƙasar nan in aka ce an tura ma'aikaci Bilma, tambayar farko da ake yi ita ce, "Me ya yi?" Wa a cikinmu bai taɓa addu'ar kada a jefa shi nan ba in ya gama? Har mu da muka tashi muna cin dabinon Kawar, burinmu Yamai ne, ko Maraɗi, in ya yi tsanani Agadas. Sannan mu dawo hutu muna mitar babu malamin lissafi a kolej, babu ungozoma da dare, babu mai buɗe ofis. Kujerar da babu kowa a kanta, mu ne ba mu zauna ba.

Wani abokina da na karanta wa wannan ya ce ban yi wa matashin adalci ba. Ya ce, "A kai ka inda kayan masarufi suka fi na kudu tsada nesa ba kusa ba, babu gidan da aka tanadar maka, iyayenka na kwana uku daga gare ka, in ka yi ciwo sai Allah, sannan a ce ka yi kishin ƙasa? Wanda ya turo ka ɗansa yana ina?" Ban da amsar da za ta rufe masa baki, kuma ba na son in rufe. Ba daidai ba ne a nemi sadaukarwa daga ɗan talaka kaɗai. In ana son mutum ya zauna a Kawar, a biya shi abin da zai riƙe shi, a sa wa zaman wa'adi, a cika masa in ya yi, kuma a raba zuwan tsakanin ɗan kowa. Neman waɗannan haƙƙi ne, mu neme su da babbar murya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya karɓi aikin, ya ci albashin, ya bar dattijo da kujera biyu, kuma ya kwana yana ganin bai cuci kowa ba don bai ga fuskar wanda ya cuta ba. Ni ne wanda ya cuta. Bai san sunana ba, amma shekarata guda ta bi ta hannunsa.

Abin da na fahimta ke nan: cutar da aka raba wa hannaye da yawa ba ta zama marar mai yi, kowa dai kasonsa ƙanƙancewa yake har ya daina jin nauyinsa. Wannan kwana shida, wancan kwana ashirin, wani sa hannu ɗaya da ya jinkirta. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. Amma wanda abin ya faɗa wa, a dunƙule yake karɓarsa.

Kuma kada ku ɗauka na wanke kaina. Shekarar da ta biyo baya, da zan taho Agadas, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ba ni ambulan in kai wa ɗanta da ke aiki a kasuwa. Na ce, "Inna, kamar ya samu." Na iso, na shiga hidimar rajista da neman ɗaki. Sai bayan kwana tara na gan ta a ƙasan jakata. Takardar magani ce take son ya saya ya aiko mata. Na tsaya riƙe da ita, na tuna abin da na faɗa wa mutumin da ya yi kwana shida, shi da ke da mara lafiya a asibiti. Ni uzurina me? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da na koma hutu na je na ba dattijon haƙuri. Ya yi dariya ya ce ya manta, ai masu zaginsa da yawa. Kujerar na nan yadda na bar ta, sai dai ya ɗora mata kwali.

Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, da yawa a cikinmu za a tambaye mu inda muke son a tura mu aiki. Ba zan ce muku ku rubuta Kawar ba, don ni kaina ban gama shawara da zuciyata ba, kuma mahaifiyata ta riga ta faɗi nata ra'ayin. Roƙona ɗaya ne. Ranar da za ku cike takardar, ku tuna akwai wani ofis, ko aji, ko ɗakin haihuwa, inda mutum ɗaya ke aikin mutum biyu, kuma akwai wani yaro a waje riƙe da rasit yana ƙirga kwanaki. Duk abin da kuka zaɓa, ku zaɓe shi kuna sane da shi.